Yadda ake sauya tsohuwar tele mai doro da ta zamani ba tare da an yi asarar kuɗi ba

Mutane da yawa a Yamai sun ɗauka da an sayo faffaɗar tele an rataya a bango, shi ke nan hoto ya gyaru. Sai a kai ta gida, a soka mata wayar anten ɗin da ta shekara da shekaru tana shan rana a kan kwano, a kunna, hoto ya fito ya fi na da muni: fuskar mai karanta labarai ta baje, rubutun da ke gudu a ƙasa ya dushe. Maigida ya ce an cuce shi a kasuwa. Sau da yawa kuwa telen ba ta da laifi. Abu huɗu ne ke haɗuwa su ba da hoto mai tsabta: siginar da ke iso gidan, na'urar da ke karɓarta, wayar da ta biyo, sannan gilashin. Wutar da ke ciyar da su kuma ita ke yanke hukuncin ko kayan za su daɗe. Gilashi ne na ƙarshe a lissafi, amma shi ake fara saye, shi kuma ke cinye kuɗin duka har a rasa na sauran. Abin yana damuna, domin tele ba ƙaramin saye ba ce ga mai iyali. Wani adashen watanni ya kwasa, wata kuma cikin kayan ɗakinta ne.

Abin da ya canza

Tele ta shigo Nijar ne ta hanyar makaranta a 1964, kafin Télé Sahel ta zama ta kowa da kowa. Duk tsawon shekarun nan da tsarin analog ake watsa shirye-shirye: tasha guda a kan zango guda, in sigina ta yi rauni hoto ya riƙa yayyafi, amma dai ana gani. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu a birnin Janeba kan barin analog, aka tsayar da 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi. Ƙasashen Afirka da yawa ba su cika wa'adin ba, amma hanyar da aka dosa ba ta sauya ba. Ƙasashen UEMOA, har da Nijar, sun zaɓi tsari guda na abin da muke kira TNT, wato telen dijital da ake kamawa da anten: DVB-T2 wajen watsawa, MPEG-4 wajen dunƙule hoto. Waɗannan sunaye biyu ka rubuta su a takarda ka sa a aljihu, da su za ka yi ciniki.

A sabon tsarin, zango guda yana ɗaukar tashoshi da yawa, kamar yadda motar haya guda ke kwasar fasinjoji da dama. Babu yayyafi kuma. Ko dai hoto ya fito tas, ko ya daskare ya farfashe gida-gida, ko ya ɓace ɗungum. Shi ya sa wayar da kake lallaɓawa da ita a da ba lalle ta yi maka aiki yanzu ba.

Sai kuma a bambance abu biyu da ake yawan haɗawa. Dijital daban, HD daban. Tasha tana iya kasancewa a dijital amma hotonta na da ne, mai layi 576. HD yana farawa daga layi 720, cikakkensa 1080. Telenka ba za ta ƙirƙiro abin da tasha ba ta aiko ba. In tashar ba ta watsa HD, ko tele mafi tsada ka saya, shimfiɗa ƙaramin hoton kawai za ta yi a kan babban gilashi.

Fara da abin da ke gidanka

Kafin ka taka kasuwa, juya telen da kake da ita ka dubi bayanta.

In mai doro ce, nemi ramuka uku masu launin rawaya da fari da ja, ko kuma dogon rami mai haƙora 21 da ake kira Peritel. Muddin akwai ɗaya daga cikinsu, ba dole ne ka rabu da ita yau ba. Ƙaramar dekoda ta DVB-T2 ta isa: wayar anten ta shiga dekoda, wayoyi uku su fito daga dekoda su shiga tele, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Ka danna AV a telekomand. Ba za ka samu HD ba, amma yayyafi ya ƙare, tashoshi sun ƙaru. In hoton ya fito baƙi da fari, shiga saitin launi na telen ka mai da shi AUTO ko PAL, domin analog ɗinmu SECAM ne, wasu tsofaffin telen kuma a kansa aka bar su. Ga wanda aljihunsa bai cika ba, wannan ce shawarata ta farko. Ya fi a ci bashi a sayo ƙatuwar tele marar asali.

In kuma faffaɗa ce da aka saya shekarun baya, shiga menu wajen neman tashoshi. Ka ga DTV ko Numérique? Je ka karanta takardar da ke manne a bayanta, ko ka sa lambar samfurinta a intanet, ka tabbatar DVB-T2 ce, ba tsohon tsarin DVB-T kawai ba. In T ce kawai, ko ma analog zalla, kada ka sayar da ita. Sayi dekoda mai ramin HDMI ka haɗa su, za ta ba ka HD daidai gwargwadon ƙarfin gilashinta.

Wanda telensa ta mutu, ko ya ƙudura sabuwa yake so, shi ne sauran bayanin ya fi shafa.

Girman da ya dace

Ana auna tele ne daga kusurwa zuwa kusurwa, inci guda santimita 2.54. Mai inci 32 ta kai santimita 81 ke nan, mai 43 kuma 109, mai 55 kusan 140. Akwai wani abu da ke ba mutane mamaki bayan sun kai kaya gida: tsohuwar tele kusan murabba'i ce, sabuwa kuwa faɗi ta yi. Mai doro ta inci 21 tsayin gilashinta ya kai kusan santimita 30, faffaɗa ta inci 24 ma haka. Wato wanda ya sauya 21 da 24 bai ƙara komai ba wajen girman mutum a hoto. In kana son ka ga bambanci, fara daga 32, mai tsayin santimita 40.

Auna tazarar da ke tsakanin bangon da wurin zama. A ɗaki irin na gidajen haya, inda tazarar ba ta wuce mita 2 ba, 32 ta wadatar. Falo mai mita 2 da rabi zuwa 3 yana son 43. Kada ka zarce haka don a gani a faɗa, domin girman gilashi yana tona asirin hoto marar kyau, kuma yawancin abin da za a kalla a gidan ba 4K ba ne, wato hoton da ya zarce HD tsabta.

Yawancin tele masu inci 32 ɗigonsu 1366 ne a faɗi, 768 a tsaye, kuma a wannan girman ya isa. Daga 40 zuwa sama nemi Full HD, 1920 da 1080. Shi kuwa 4K, 3840 da 2160, sai ga mai intanet mai ƙarfi da tele babba. Ni dai da in ƙara kuɗi a kan 4K, gara in sa su a regilater da waya mai kyau.

Ka tuna kuma da yadda muke zama. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki ba ya shiguwa da dare, a tsakar gida ake shimfiɗa tabarma, ana fito da tele a ɗora a tebur. In haka gidanku yake, mai inci 32 mutum ɗaya zai ɗauke ta ba wahala. Mai 55 kuwa duk fitarwa kasada ce.

A kasuwa

Nan ne ake yin asara, don haka a nan zan daɗe.

Ko Babbar Kasuwa ka nufa, ko Wadata, ko kantunan da ke bakin manyan tituna, tafi da abu uku: takardar da ka rubuta DVB-T2, ma'aunin tela, da kile USB. A kan kilen ka sa hoto fari fat, da baƙi ƙirin, da ja, da kuma gajeren bidiyo na ƙwallo ko kokawa mai kyau, wanda ake motsi da sauri a cikinsa.

Bayan gaisuwa, kada tambayarka ta farko ta zama ta kuɗi. Ce masa: "Alhaji, wannan tana kama TNT da kanta ko sai da dekoda?" Zai ce maka tana kamawa. Sai ka ce: "To don Allah a sa mata anten mu gani." Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushi ba, yaronsa zai kira ya jona. In babu anten a shagon, ka sa a buɗe menu ka ga DTV da idonka, ka kuma nemi DVB-T2 a rubuce a jikin kwali da cikin ɗan littafinta. Kalmar Smart ko Android ba ta nufin tana kama TNT. Akwai masu intanet da ba su da T2 ko kaɗan.

Sai kilen. Farin hoto zai nuna maka tabo ko wurin da haske ya fi yawa, alamar fitilun bayan gilashi ba su daidaita ba. Baƙi zai nuna ɗigon da ya maƙale yana ƙyalli, ja kuma ya fito da wanda ya mutu. Bidiyon zai nuna ko hoto yana jan wutsiya in an yi gudu. Matsa gefe ka kalle ta a karkace, domin a gidan da mutum goma ke kallo ba kowa ne zai zauna a tsakiya ba, wasu gilasan kuma da ka kauce kaɗan launinsu ya koɗe. Ƙara sauti har ƙarshe ka ji ko yana karkarwa. Faffaɗar tele ba ta da cikin da sauti zai yi kauri irin na mai doro, saboda haka duba ko tana da ramin fitar da sauti, ko ba jima ko ba daɗe za ka so haɗa ta da lasifika.

Ɗauko ma'aunin telan ka auna gilashin, ban da bakin roba. Ana samun wadda aka rubuta 32 a kwali alhali ba ta kai ba.

Batun suna kuma, kowa ya san ana manna sunan manyan kamfanoni a jikin telen da ba su suka ƙera ba. Lambar samfurin da ke bayan tele, da ta jikin kwali, da wadda menu ke nunawa a wajen bayanin na'ura, dole su zama ɗaya. Sa lambar a wayarka ka bincika. In kamfanin bai san da ita ba, kai ma ka sani ke nan. Ba laifi ba ne mutum ya sayi tele mai ƙaramin suna a kan kuɗinta na gaskiya, da yawa suna aiki lafiya. Abin ƙi shi ne ka biya kuɗin babban suna a ba ka wani abu daban. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba, tuna araha ba ta ado.

Masu son ta hannu, irin waɗanda ake saukewa daga Turai, ga abin lura. Faransa ta daɗe tana watsa TNT ɗinta a kan DVB-T, ba T2 ba, ko da ta koma HD a 2016. Don haka tele tana iya zuwa da tambarin TNT HD a goshinta, ta iso Yamai ta kasa kama komai sai da dekoda. Wadda ta fito daga Amurka kuwa matsalarta biyu: tsarinta ATSC ne, ba ya aiki a nan, wasunsu kuma wutar 120 kawai suke ɗauka, tamu kuwa 220 ce. Karanta takardar baya, in ba ka ga 100 zuwa 240 ko 220 zuwa 240 ba, bar ta.

Ƙirga ramukan HDMI, biyu ne mafi ƙaranci, domin yau dekoda ɗaya ce, gobe wata za ta zo. In kwalin ya ambaci H.265 ko HEVC, sabon salon dunƙule hoto, ƙari ne mai amfani nan gaba. Mai sha'awar parabol ya duba ko akwai DVB-S2, wanda ke sa a jona parabol kai tsaye don tashoshin kyauta.

In ciniki ya faɗa, a rubuta maka takardar saye mai ɗauke da lambar telen, da kwanan wata, da tsawon garanti, da abin da garantin ya ƙunsa. Yawanci ba ya ɗaukar fashewar gilashi ko ƙonewa ta dalilin wuta, gara ka ji haka tun a shago. Wajen kai ta gida, a tsaye ake ɗaukar ta cikin kwalinta, ba a kwance ba. Shiga taksi ka riƙe ta. Kada ka ɗaure ta a bayan babur. Kwalin ma ka adana shi har garanti ya ƙare.

Wuta

Mai doro tana da haƙuri, faffaɗa ba ta da shi. Yawancin waɗanda ke jibge a shagunan masu gyara ba gilashinsu ne ya lalace ba, allon wutarsu ne ya ƙone ko fitilun baya suka mutu. Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da wuta ta dawo bayan an ɗauke, musamman a watannin zafi da kowa ke kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki.

Saboda haka kuɗin regilater yana cikin kuɗin tele, ka lissafa shi tun farko. Mai VA 500 ko 1000 ya ishi tele da dekoda. Zaɓi mai maɓallin jinkiri, wanda ke dakatawa kaɗan kafin ya saki wuta. Kada ka haɗa firigo ko dutsen guga a kansa. Ralonj mai siririyar waya da bakinsa ke motsi yana tartsatsi, shi ma jefar da shi. Ka koya wa yara cewa in an ɗauke wuta a zare tele, in an dawo da ita a ba ta ƴan mintoci ta zauna. Mai janareto kuma ya bari injin ya daidaita kafin ya jona, ya zare kafin ya kashe.

Abin farin ciki, sabuwar ba ta da ci. Mai inci 32 tana shan wat 30 zuwa 50, ƙasa da abin da mai doro ta inci 21 ke sha. Wannan ya sa ta dace da masu pano a unguwannin bayan gari da ƙauyuka. Ɗauki wat 40 a awa 5, ya zama wat-awa 200. Batir mai volt 12 da amfiya 100 yana riƙe wat-awa 1200, rabinsa ne ya kamata a taɓa in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Ka ga akwai sarari har da fitilu. Akwai tele masu shan volt 12 kai tsaye daga batir, su ne suka fi dacewa da irin wannan gida.

Da damina, regilater ba ya tare tsawa. Tana biyo wayar anten ko ta parabol ta shiga kai tsaye. Da hadari ya haɗu, zare wayar wuta, zare ta anten, duka biyu.

Anten da waya

TNT a zangon UHF take tafiya, don haka anten mai gajerun haƙora irin na manjagara ake so, ba tsohon mai dogayen sanduna ba. Wanda ke kusa da inda ake watsawa, ƙaramin anten na cikin ɗaki yana iya isarsa in an ajiye shi bakin taga. Amma rufin kwano yana tare sigina, dogayen gine-gine ma haka, shi ya sa na waje ya fi kwanciyar hankali. Hanya mafi sauƙi ta sanin inda za ka fuskantar da shi ita ce ka ɗaga kai ka dubi na maƙwabtan da hotonsu ke fita lafiya, ka lura da inda suka dosa da yadda haƙoransu suke, a kwance ko a tsaye, ka yi yadda suka yi. Abin da ya yi a Bukoki ba lalle ya yi a Harobanda ko Saga ba, unguwarku za ka tambaya.

Sandar anten ta wuce saman rufi, a ɗaure ta da waya ta ɓangare uku, don iskar da ke zuwa gaban ruwa ba ta barin abin da aka kafa da wasa. Ka nisanta ta da wayoyin lantarki nisan da ko ta faɗi ba za ta taɓa su ba. Wannan ba maganar hoto ba ce, maganar rai ce.

Sayi sabuwar waya, RG6, mai om 75. A shago ka sa a fere bakinta ka gani: ta kirki saƙarta mai kauri ce, ta banza ƴan silalla ne kawai. Auna tsawon da kake bukata ka sayi guda ba haɗi, domin kowane ƙulli da aka naɗe da leda wurin zubar sigina ne. Wajen sa mata kai, fere kamar santimita 1 na bawon waje, lanƙwasa saƙar baya, sannan ka fere farar robar ciki har jan ƙarfen tsakiya ya fito. Ko sili ɗaya na saƙar kada ya taɓa shi; wannan ɗan silin shi ne ke sa mutum ya wuni a kan rufi yana juya anten a banza. Mahaɗin da ke waje ka naɗe shi da salatif mai kyau, kuma kafin wayar ta shiga bango ka bar ta ta ɗan sauko ta sake hawa, yadda ruwan sama zai ɗige a ƙasa maimakon ya biyo ta cikin ɗaki.

In tele biyu za su ci daga anten ɗaya, a sa ƴar na'urar rabawa, ba a murɗe wayoyi wuri guda ba, a kuma san cewa kowace za ta samu kusan rabin ƙarfin.

Neman tashoshi da gyara hoto

Da ka kunna ta karon farko za ta tambaye ka harshe da ƙasa. In babu Nijar a jerin, zaɓi Autres ko wata ƙasar Afirka ta Yamma. Za ta kuma tambaya Magasin ko Maison. Zaɓi Maison, domin ɗayan na baje koli ne, yana ƙure haske, ya ci wuta, ya gajiyar da fitilu. Daga nan shiga Chaînes, zaɓi Antenne, ba Câble ba, sannan Numérique, sannan Recherche automatique. Ka bar ta ta kai ƙarshe ko da ka ga kamar ta tsaya.

In ba ta samu komai ba, ko hoto yana daskarewa, nemi shafin da ke nuna sanduna biyu, Force da Qualité. Ta biyun ce abin dubawa. Mutum ɗaya ya tsaya gaban tele, ɗaya a wajen anten, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana dakatawa, domin sandar Qualité ba ta amsawa nan take. Inda Qualité ta fi cika kuma ta tsaya cak, nan za a ɗaure. Anten mai ƙaramin amfilifaya a ciki yana bukatar a kunna masa volt 5 daga menu na dekoda. Wanda ba shi da shi kuma a bar wannan a kashe. Lokaci-lokaci ka sake neman tashoshi, don ana ƙara wasu, ana sauya wa wasu wuri.

Mai dekoda ya haɗa ta da HDMI. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a gidaje: sabuwar tele, dekoda mai HD, amma an haɗa su da wayar nan mai rawaya da fari da ja saboda ita aka saba da ita. Wayar rawaya ba ta iya ɗaukar HD ko kusa. HDMI ta mita 1 ko 2 mai matsakaicin kuɗi ta isa, mai tsada ba ta ƙara wa hoto komai a wannan tsawon. Bayan ka jona, shiga menu na dekodar ka sa fitarta a 1080, siffar hoto kuma 16:9. In tsohon shiri ya zo da baƙi a gefe da gefe, ƙyale shi haka, kada ka ja shi ya cika gilashi har ƴan kokawa su koma gajeru masu faɗi.

Saitin hoto ka sa shi Standard ko Cinéma, ka guji Dynamique. Rage hasken baya zuwa wajen rabi ko sama kaɗan. Ido zai huta da dare, fitilun kuma za su daɗe.

Parabol da intanet ba sa bukatar dogon bayani a nan. Inda TNT ba ta kai ba, ko ga mai son tashoshin waje, parabol ne mafita, ko na kyauta ko na biyan wata-wata irin Canal+, kuma ɗaurinsa aikin wanda ya iya ne, mai na'urar auna sigina. Ka dai tabbatar dekodar HD ce, ka kashe ta kafin ka taɓa wayar parabol domin akwai wuta a cikinta, kuma kada ka tsorata in hoto ya ɗauke lokacin ruwa mai ƙarfi, zai dawo. Mai kallo ta intanet ya san cewa awa guda ta HD tana iya cin giga 1 zuwa 3. In da forfe na waya ake kallo, a rage ingancin hoton daga cikin manhajar.

Wurin ajiya

Yawancin kamfanoni suna rubuta cewa telensu ta yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ko 40 ba, Yamai kuwa tana haura 40 a Afrilu. Kada ka kafa ta inda rana ke bugawa ta taga, ko ka cusa ta cikin kabad marar iska. Bar mata kamar santimita 10 ta kowane gefe. In za a rataya, tsakiyar gilashin ya yi daidai da idon mai zaune, ba can kusa da silin ba inda zafi ke taruwa, wuya kuma ya ƙage. Bangon siminti yana riƙe ƙusa mai roba. Na laka ba ya riƙewa, gara tebur mai ƙarfi, a ɗaure bayan telen da bango saboda ƙananan yara.

Da hunturu a rufe ta da mayafi mai sauƙi in an kashe, a cire kafin a kunna. Uwargida, gilashin nan ba irin na da ba ne: ba a fesa masa ruwa, ba a sa masa omo. Tsumma mai laushi busasshe, a fara kaɗe ƙurar a hankali kafin a shafa, in ba haka ba yashin ya karce shi.

Ita kuma tsohuwar, in tana aiki, haɗa ta da ƙaramar dekoda ka kai ɗakin yara ko ka ba wani ɗan'uwa, za ta ƙara shekaru. In ta mutu, kada a bar yara su buɗe ta. Kwalbar cikinta tana aiki da dubban volt, tana kuma iya riƙe wuta bayan an zare ta, gilashinta yana ɗauke da dalma, in ya fashe yana tarwatsewa. Kada a ƙona ta, kada a jefa ta a kwata ko bola. Kai wa mai gyaran tele na unguwa, ko masu sayen tsofaffin kaya a Katako, a cikakkiyarta ba a fasa ba.